Wai Mata Sun Yi Yawa: To Wa Ya Ƙirga?

Akwai wata magana da ba ta tsufa a bakinmu. A teburin mai shayi ana yin ta, a majalisar bayan la'asar ana yin ta, a gidan biki ana yin ta, har a cikin adaidaita sahu idan cunkoso ya riƙe mutane: wai mata sun yi yawa. Mai shirin ƙara aure da ita yake buɗe zance. Uwar da 'yarta ta gama sakandare ba wanda ya fito, da ita take kwana a rai. Saurayin da ya yi wa yarinya alkawari ya saɓa, ita ce mafakarsa. Wannan ya ce mata huɗu ne ga namiji ɗaya, wancan ya ce ina, bakwai ne, na can gefe ya ɗaga murya ya ce goma. Duk a zama ɗaya, kuma a tashi ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa inda ya samo lissafinsa.

Da a bakin majalisa take tsayawa, da ba komai, hira ce. Amma tana bin mu har cikin gida. Da ita muke yanke wa 'ya'yanmu shawarar aure, da ita muke ba mace haƙuri a kan abin da bai kamata a haƙura da shi ba, da ita wasunmu suke raina matan da ke hannunsu. Shi ya sa ya dace mu zauna mu buga lissafin nan tsakaninmu, ba faɗa, ba zagi.

A unguwarmu akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da ya yi aikin ƙidayar watan Maris na 2006. Gida-gida ya bi, yana rubutu yana shafa wa mutane tawada a ɗan yatsa. Duk ranar da aka tayar da zancen sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Ku yi mini aikin gafara, 'ya'yana, ni fa na ƙirga." Abin da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar kuwa shi ne: mutanen Najeriya miliyan 140.4, maza miliyan 71.3, mata miliyan 69.1. A Jihar Kano, mai mutum miliyan 9.4 a lokacin, maza sun ɗara mata da kusan rabin miliyan. A Nijar, ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17.1, mata suka ɗara maza da dubu 100 da 'yan kai kawai.

Telan bakin layi ba ya barin maganar ta wuce. "Allah gafarta Malam, ai matanmu suna kulle. Wani maigidan ko sunan matarsa ba zai faɗa wa baƙo ba, balle ya fito da ita a shafa mata tawada." Malam yakan gyaɗa kai, don maganar tana da kama, kuma ƙidayarmu ba ta taɓa rabuwa da gardama ba. "Na yarda an tsallake wasu," in ji shi. "To ƙara musu miliyan biyu. An yi kunnen doki ke nan. Ƙara musu biyar ma. Ina huɗu ga ɗaya? Kafin a samu haka, sai an manta da mata sama da miliyan 200 a cikin ɗaka."

Wanda bai yarda da gwamnati ba, ya tambayi ungozoma ko ma'aikaciyar ɗakin haihuwa. A duniya baki ɗaya ana haifar maza kimanin 105 duk lokacin da aka haifi mata 100. A ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara ratar ta ɗan ragu, wajen 103 ko 104. Jarirai maza sun fi saurin komawa, manyan maza kuma hatsarin mota da yaƙi da wahalar nema suna ɗauke su da wuri, don haka idan aka kai tsufa, tsofaffin mata sukan fi yawa. Amma a shekarun aure kusan kai ɗaya ake. Mu kuma a nan muna da abin da ke cin matanmu a daidai waɗannan shekaru, wato haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin kowace haihuwa 100,000, uwa 512 ke rasuwa. Babu unguwar da ba ta san gidan da aka yi zaman makoki da suna a mako ɗaya ba.

To me ya sa idonmu yake gaya mana wani abu dabam? Wani ɓangaren, inda muka tsaya ne ya jawo. Wanda ya ƙirga a layin awon ciki, ko a gidan biki ranar kamu, ko lokacin tashin Islamiyyar matan aure, zai rantse duniya ta zama ta mata. A kai shi Kantin Kwari ko Kasuwar Dawanau da hantsi, ko masallacin Juma'a, ko filin wasa na Sani Abacha ranar da Kano Pillars ke gida, sai ya dawo yana tambayar ina matan garin suka shiga. Mun raba wa maza wurarensu, mun raba wa mata nasu, kowa kuma taron da ya gani yake ƙirgawa. Sannan mata idan sun taru da anko da ado, ido ya fi riƙe su.

Duk da haka, kada mu ce wa uwar nan damuwarta mafarki ce. Matsin da take ji gaskiya ne. Sai dai ba daga ɗakin haihuwa ya fito ba, mu muka ƙulla shi da hannunmu, ta hanya uku.

Ta farko tazarar shekaru ce. Wancan binciken na 2018 ya nuna rabin matan Najeriya sun riga sun yi auren fari a shekara 19, maza kuwa sai wajen 28. A Arewa maso Yamma na matan ya sauko wajen 16. Mu kuwa al'umma ce mai ƙaruwa, 'yan bana sun fi 'yan bara yawa, 'yan bara sun fi 'yan bariya. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 2.5 cikin ɗari a shekara, kamar yadda ake ƙiyasta wa Najeriya, to a shekara goma an ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan maza 100 'yan shekara 28 suna duban 'yan mata kusan 128 'yan shekara 18. Ga yawan matan da ake faɗa nan. Su kuwa sa'o'in 'yan matan, samari 128 ko fiye, suna nan da ransu: wasu na makaranta, wasu na koyon walda, wasu na tura baro. Ba mu sa su a lissafi ba, mun ce yara ne. A Nijar, inda ƙaruwar ta haura kashi 3, ratar ta fi haka faɗi. Da wannan rarar ce gidajen mata biyu da uku suke tsayuwa. Kusan ɗaya cikin uku na matan aure a Najeriya tana da kishiya, ba don an haifi mata ninki ba, sai don kowane namiji yana jiran shekara goma kafin layi ya zo kansa.

Ta biyu, mu aljihu muke ƙirgawa. Yarinya da ta kai ta shiga lissafi, ko gidansu akwai ko babu. Namiji kuwa sai aljihunsa ya kai. Mu jera abin da muke ɗora masa: na-gani-ina-so, kuɗin gaisuwar iyaye, kayan sa rana, lefe akwati saiti da atamfa da leshi da takalma da jakunkuna da kayan shafa, kuɗin hayar shekara, hotunan kafin biki, dina. Sadakin da shari'a ta wajabta, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne, shi ne mafi sauƙi a jerin. Gidan amarya ma ba su tsira ba: gado, kujeru, kayan kicin, labule, gara. Uba yana ƙaunar aurar da 'yarsa, yana tsoron ranar da za a ce ya fito da kayan ɗaki. Wata dillaliya da ta san sirrin kowane gida a layinmu ta taɓa taƙaita wa wata Hajiya zancen. "Hajiya, ba maza ne babu ba, masu fitowa ne babu." Ku leƙa majalisun unguwa bayan isha'i ku ga tuzurai 'yan shekara 30 da 35, lafiyayyu, masu sallah, masu son aure kamar su yi kuka. A Kano har sarautar gwagware gare mu, Nalako, da ke fita tashe da azumi yana kamun gwauro. Garin da mata suka yi huɗu ga ɗaya, me zai yi da Sarkin Gwagware?

Ta uku saki ne. Mace ɗaya takan shiga layi sau biyu, sau uku, kowane karo ana ƙirga ta kamar sabuwa. Shi kuwa wanda ya sake ta, sau da yawa budurwa yake nufa, ba bazawara irin wadda ya fitar ba. Sai zawarawa su taru a gidajen iyaye, mu kuma mu dube su mu ce mata sun yi yawa, alhali sakin ne ya yi yawa. Ku tuna auren zawarawan da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hisbah a 2012 da aure 100, aka ɗaura na 1,111 a 2013, aka yi na 1,800 a watan Oktoba na 2023. Kullum amaren muke kallo. Mu dubi ɗaya gefen mana: amare 1,800 sai da angwaye 1,800. Wasu ƙari suka yi, wasu na fari ne, wasu gwagware ne. Daga ina suka ɓullo? Suna nan tun da can. Da aka ce an ɗauke musu sadaki da gado da katifa, har da ɗan jari ga amarya, sai ga su a layi ana tantancewa.

Akwai kuma inda ma'aunin yake karkacewa da gaske, ido ya gani, kuma nan ne halinmu yake fitowa fili. Da an gama girbi, an kai hatsi rumbu, samari sai su ɗaure jaka. Na wannan gefen namu na Najeriya su nufi Legas, Ibadan, Fatakwal, Abuja. Na Tawa da Damagaram su nufi Abijan, Libiya, Aljeriya, wasu su gangaro Kano. Ka shiga wani ƙauyen a tsakiyar rani, ba ka ganin kowa sai mata da yara da tsofaffi a gindin bishiya. Ka je Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan, ka tarar da mazan ƙauyen nan su takwas, su goma a ɗaki ɗaya: mai gadi, mai dako, mai acaɓa, mai yankan farce. Mutane ɗaya ne, lissafinsu daidai yake, hanya ce ta raba su gida biyu.

A ƙauyen da aka bari, saurayin da bai tafi ba shi ne ɗan gata. Malamin makarantar da aka turo, mai shagon cajin waya, yaron mai kanti, wanda da damina ba mai duban sa sau biyu, yanzu kwanon abinci daga gida uku yake zuwar masa. Iyaye mata suna gaishe shi da "ɗan albarka". Tun yana jin kunya har ya saba, tun yana godiya har ya fara zaɓe. Yau ya je zance nan, gobe can, kowacce ya ce mata ita ce. Ba a haife shi mayaudari ba, ganin babu mai ja da shi ne ya buɗe masa ido. Sai ga Sallah ta matso, ko hadari ya fara haɗuwa a gabas, 'yan ci-rani su dawo da sabon babur da babbar waya da shadda mai maiƙo. Cikin mako guda zance ya juya. Yarinyar da ake yi wa yanga jiya, yau ƙannenta sun gaji da zuwa cewa "wai ana sallama da ke". Ita ma, idan ba a yi dace da mai hankali ba, sai ta fara tara toshi tana raba wa samari ranaku.

A can zangon kuwa, inda mata suka yi ƙaranci, ka ga ladabi. 'Yar mai tuwo guda ɗaya, masu so ashirin. Kowa yana wanke rigarsa, kowa yana rage murya, kowa yana zuba adashi don a ga da gaske yake. Wanda ya samu ya aura, riƙo yake yi na tsakani da Allah, don ya san bayansa akwai masu jira. Haka aka yi tun zamanin fataken goro da ke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga da Kumasi. Galibinsu maza ne, ba su tafi da mata ba, sai suka nemi aure wurin mutanen da suka tarar, suka koyi gaisuwarsu, suka girmama surukansu. Shi ya sa a zangunan Gana za ka samu gidan da Hausa ce harshensu, amma kakarsu mace Badagwamba ce ko Bagwanjiya. Ƙarancin mata ya koya wa kakanninmu sauke kai, ya kuma ƙulla zumuncin da har yau ake cin moriyarsa.

Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa, ya kuma koma nema da damina, ya san yadda abu ɗaya yake zama abin wulaƙantawa yau, abin lallaɓawa gobe. Mutum ya fi ƙarfin a yi masa kuɗi, amma zuciyar ɗan Adam da wannan ma'aunin take yi wa ɗan'uwanta awo, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Tun 1983 wasu masana biyu a Amurka, Marcia Guttentag da Paul Secord, suka bi tarihin al'ummomi suka fito da ƙa'ida: ɓangaren da ya yi ƙaranci shi ke da ta cewa a harkar aure. Inda maza suka yi kaɗan, alkawari yakan yi rauni, rabuwa ta yawaita. Inda mata suka yi kaɗan, maza sukan ɗaure ɗamarar aure, amma kuma a tsananta tsaron mata. Tarayyar Sobiyet ta ga na farkon. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙidayarsu ta 1959 ta samu mata sun fi maza da kimanin miliyan 20. Mata da yawa suka tsufa ba aure, haihuwa ba tare da aure ba ta ƙaru, uwa ta zama ita ce uba.

Ƙasar Sin kuwa ta ga na biyun. Daga 1980 zuwa 2015 hukuma ta taƙaita iyalai da yawa ga haihuwa ɗaya. Mutane suna son namiji, na'urar hoton ciki ta zo, aka yi ta zubar da cikin 'ya'ya mata. A 2004 ana haifar maza kusan 121 a kan mata 100. Ƙidayar 2020 ta samu maza sun fi mata da miliyan 34.9. Yau a ƙauyukansu saurayi sai ya nuna gida, ya ajiye maƙudan kuɗin aure, kafin a saurare shi. Iyayen da suka haifi namiji tun yana goye suke tara masa. Talakan ƙauye shi aka bari a baya, har ta kai masu safarar mutane suna yaudaro 'yan mata daga Biyetnam da Myanmar suna sayarwa. Wanda yake ganin ƙarancin mata zai sa mace ta huta, ya dubi wannan. Duk gefen da ma'aunin ya karkata, mai rauni ne ke shan wuya.

A ƙasar Guyana ta Kudancin Amurka, Ryan Schacht da Monique Borgerhoff Mulder sun zauna da ƙabilar Makushi, waɗanda tafiya neman kuɗi ta karkata musu ƙauyuka kamar namu, wani maza sun fi, wani mata. A sakamakon da suka fitar a 2015, mazan ƙauyukan da mata suka yi ƙaranci sun fi karkata ga tsayawa a kan mace ɗaya, na inda mata suka yi yawa sun fi son soyayyar shan minti. Yarensu ɗaya, al'adarsu ɗaya, yawan waɗanda ke kewaye da su ne ya bambanta halinsu.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da Vladas Griskevicius na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa suka wallafa a 2012. Ba su kai kowa wani gari ba. Hotuna kawai suka nuna wa ɗalibai, ko suka ba su labarin jarida su karanta, wasu aka nuna musu maza sun fi yawa a yankinsu, wasu aka nuna musu mata ne suka fi. Samarin da aka sa wa tunanin mata sun yi ƙaranci nan take suka nuna za su rage ajiya su ƙara cin bashi. 'Yan matan da aka sa wa wannan tunanin suka ɗaga abin da suke sa ran saurayi ya kashe musu. Ko mutum ɗaya bai ƙaru a garin ba, ko ɗaya bai ragu ba. Jin labarin kaɗai ya sauya hali.

To mu da muka shekara da shekaru muna zuba wa yaranmu labarin huɗu ga ɗaya a kunne, me muke tsammani? Muna jin sakamakon ta kan katanga. Maigida ya ce wa uwar 'ya'yansa, "Ki tafi mana, irinki goma suna jira a waje." Ta je gida da kumburin fuska, mahaifiyarta ta share mata hawaye ta ce, "Koma ɗakinki, 'yar nan, miji wuya yake yi yanzu." Uba ya ba da 'yarsa ga wanda bai bincika asalinsa da sana'arsa da lafiyarsa ba, don kada a rasa. Saurayi ya ajiye 'yan mata biyar a waya yana ganin alfarma yake yi musu. Ƙawaye biyu da suka tashi tare su daina gaisawa a kan namijin da bai kai ko ɗaya daga cikinsu daraja ba. Kuɗin da ya kamata a yi jari da shi ya tafi wurin boka da mai kayan mata. Su kuma samarin da muka ƙi ƙirgawa suna ji ana cewa mata sun yi yawa, ga shi ko ɗaya ta gagare su. Me muke gaya musu ke nan, in ba cewa su ba mutane ba ne? Zuciyar da aka gaya wa haka, in ba Allah Ya kiyaye ba, ita ce ke ƙarewa a shaye-shaye da daba.

Inda maganar ta zama gaskiya, ba ta raha ba ce. Tun 2017 gwamnatin Borno ta ce matan da rikicin Boko Haram ya raba da mazajensu sun haura 50,000. Akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka kashe musu maza a gona da kan hanyar kasuwa. A irin waɗannan wurare mata sun fi yawa da gaske, kuma jini ne ya kawo haka. Wanda ya je ya auri ɗaya daga cikinsu ya rungumi marayunta, ya yi abin da za a yi masa addu'a. Abin da bai dace ba shi ne mai zaune lafiya a birni ya ari hawayensu ya kafa hujjar ɗauko 'yar shekara 17.

Wani zai ce, to hadisin da ya ambaci yawaitar mata cikin alamomin tashin alƙiyama fa? Mun yi imani da shi, kuma lokacin cikarsa Allah ne masani. Amma ba a ɗora mana mu riga lokaci ba, ba a kuma halatta mana shaidar abin da ba mu gani ba. Ƙarin aure halal ne ga mai iko da adalci, bai taɓa buƙatar a yi masa ƙaryar lissafi ba. Wanda zai ƙara ya ce yana so kuma zai iya, ya nuna ɗakin, ya nuna abincin, ya nuna kuɗin makarantar yara. Wannan ya fi mutunci a kan ya ce taimakon mata yake yi, alhali zawarawan layinsu yana wuce su kullum ko sallama babu.

Gyaran kuwa yana hannunmu, tun da mu muka ƙulla. Akwai garuruwan da masu unguwa da limamai da iyaye mata suka zauna suka ƙayyade kayan aure, kuma ya yi aiki gwargwadon yadda manyan gari suka fara da 'ya'yansu. Nan ne gizo yake saƙar: ranar da Alhaji mai hali ya karɓi akwati biyu a auren 'yarsa ya ce ya isa, ya 'yantar da talakawan layinsu gaba ɗaya, don ba mai jin kunyar yin abin da Alhaji ya yi. Iyaye mata, ku ne masu buɗe lefe kuna ɗaga zani ɗaya-ɗaya, ku ne kuma masu kwana ba barci a kan 'yan matan da ke gabanku. Ku sassauta wa ɗan wata, wata za ta sassauta wa naku. Mu daina kallon saurayi ɗan shekara 24 mai sana'ar hannu da ɗaki ɗaya a gidansu kamar bai isa ba. Da yawa daga iyayenmu a haka suka fara, ga mu nan mun girma. A bar yarinya ta ƙarasa karatunta ko ta iya sana'a, a taimaki yaro ya tsaya da ƙafarsa da wuri, tazarar goma ta dawo huɗu ko biyar, rabin rarar da ke firgita mu za ta narke da kanta. Dattawan unguwa kuma su dawo da zaman sulhu kafin a kai ga takarda, domin duk auren da aka ceto, an rage wa layin mutum ɗaya, an kuma bar yara a gaban uwarsu.

Sannan mu gyara abin da muke faɗa a gaban yara, don suna ji. Ki gaya wa 'yarki ita ba rara ba ce, tana da damar ta tambaya, ta bincika, ta ce a'a. Ka gaya wa ɗanka matar da za ta zauna da shi a ɗaki ɗaya, ta ci abin da ya samo, ta rufa masa asiri, ba a kowace ƙofa ake samun ta ba, in Allah Ya ba shi ya riƙe da hannu biyu. Majalisar da ke iya haɗa gudummawa idan an yi wa ɗayanmu gobara ko rasuwa, za ta iya haɗa wa tuzuru ɗaya katifa da kuɗin haya duk bayan Sallah. A shekara biyar, gida goma ke nan an kafa a layi ɗaya, da yaranmu, da kuɗinmu, ba mu jira kowa ba.